Makin da Aka Ba Delmer

Ƙanena Delmer ya yi shekara goma sha huɗu a majalisar jiharmu. Duk shekarar zaɓe sai wani kati mai ruwan lemo ya shiga akwatin wasiƙar kowane gida a nan Harlow Gap. Ƙungiyar masu bindiga ce ke aiko shi. Maki take ba 'yan majalisa kamar 'yan makaranta, daga A zuwa F, mutanenmu kuma da katin a aljihu suke zuwa rumfar zaɓe. Delmer, wanda da ƙyar ya gama sakandare, bai taɓa samun ƙasa da A ba.

Nakan ce masa, "Da Mama na raye da ta manna shi a jikin firji, tunda malamanka ba su taɓa ba ka irinsa ba."

Shi kuma ya ce, "Yaya Opal, bakin nan naki sai an yi masa doka."

Kada ku ɗauka ina ƙin bindiga. Ina shekara sha biyu na harbi barewata ta farko, bindigar babanmu ma tana nan bayan ƙofa.

Ɗana Curtis ya dawo daga yaƙi da ƙafafunsa biyu, amma barci bai dawo tare da shi ba. Sau biyu na je wurin shugaban 'yan sandan gunduma, na roƙe shi ya karɓe bindigogin Curtis na ɗan lokaci. Ya ce doka ba ta ba shi dama ba, tunda Curtis bai yi wa kowa laifi ba. Wata Talata da hantsi, cikin Oktoba, Curtis ya shiga rumbun ciyawa ya ja ƙofa. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Bayan jana'iza mata suka yi ta kawo abinci. Arlene, matar Delmer, ta kawo kaza da taliya a babban kwanonta shuɗi. A wurinmu ba a mayar da kwano wayam, ko burodin masara ne sai ka sa a ciki. Ni kuwa na kasa kunna murhu, kwanon ya yi ta zama a kan teburina.

Cikin Fabrairu aka kawo ƙudurin doka: iyali su iya zuwa gaban alƙali, a riƙe bindigar wanda ke neman hallaka kansa har ya samu sauƙi. Kwamitin majalisa da zai duba shi mutum tara ne. Huɗu na so, huɗu ba sa so, saura Delmer. Ana saura kwana biyu zaman kwamitin ya zo, ya zauna a kicin ɗina yana juya hularsa.

"Yaya, ƙungiya ta aiko mutum ofishina. Ya ce wannan ƙuri'ar za ta shiga maki. In na ce e, F ne, kuma sun riga sun samo wanda zai kara da ni a zaɓen fid da gwani."

"Mutumin ya san Curtis?"

"Haba, Yaya."

"Kai ka san shi. Kai ne a gaba ta hannun dama da aka ɗauki akwatin gawarsa."

"In na faɗi, wa zai tsaya wa asibitinmu? Wanda za su kawo ko hanyar garin nan bai sani ba."

Na zuba masa kofi. Bai sha ba.

Ranar zaman na tafi babban birni. Minti biyu aka ba ni in ba kwamitin labarin Curtis, da wata 'yar fitila da ke juyewa ja in lokacinka ya cika. Ɗakin cike da maza masu hulunan farauta, rabinsu na san iyayensu, har da wanda ya faskara mini itace bayan rasuwar. Ban kai ga ranar Talatar ba fitilar ta yi ja.

Da magatakarda ya fara kiran suna, sai Delmer ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa, ya fita kamar mai zagayawa. Aka kira sunansa sau biyu. Huɗu da huɗu. A ƙa'idarsu, in aka yi kunnen doki ƙuduri ya mutu.

Katin ya zo cikin Mayu. Makin A suka ba Delmer. Ashe sun san irin wannan fitar, kuma tana wadatar da su.

Na wanke kwanon Arlene, na goge shi, na kwantar da katin a ciki, na rufe da ƙyalle. Na taka har gidansu. Arlene ta buɗe ƙofa.

"Opal, ai da ba ki wahalar da kanki ba."

"Ba ni na dafa ba," na ce. "Na Delmer ne."

Motarsa na tsaye a tsakar gida, ina kuma jin talabijin daga ciki. Na ɗan jira a bakin ƙofa. Bai fito ba.