Bargon Gashin Agwagwa

Inna ta sauka a filin jirgin sama na JFK cikin watan Disamba da akwati biyu. Ɗaya kayan sawa ne da kuka da daddawa, ɗayan kuma bargo ne kaɗai a cikinsa. Irin mai zanen damisar nan ne da ake sayarwa a kasuwar Damagaram, wanda in ka lulluɓa da shi sai ka yi shawara kafin ka juya. Maigidana Souley ya saba ɗaga kayan fasinja a filin jirgin nan, tunda tasi yake ja, amma da ya ɗaga wannan sai da ya yi salati.

Cikina na fari ne, kuma ya tsufa. A gida da tuni an mayar da ni ɗakin uwata goyon ciki, in haihu a gabanta, ta yi mini wankan jego har in yi arba'in. To hanya ta yi nisa, likita kuma ta hana ni hawa jirgi, shi ya sa muka ce tunda ba zan je gida ba, bari gida ya zo. Mun sha wahala kafin takardunta su fito. Ranar da na gan ta a bakin ƙofar fitowa tana hararar kowa, kuka na yi don daɗi, ita kuwa ta ce in rufe baki mutane na kallo.

Ni ce 'yar farinta, don haka akwai kunya tsakaninmu. Ba ma doguwar hira, ba na zama a kan gadonta. Souley kuwa suruki ne, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta ya wuce. Ɗakin da muka ba ta ya zama ƙasarta, ba mai shiga. Kafin gari ya waye ta gyara gado, ta ja zanen gado ya miƙe tsaf, ta fito.

Matsalar daga hitar gidanmu ta faro, wato na'urar ɗumama ɗaki. Duk wanda ya zauna a tsofaffin benayen unguwar Mount Hope ya san halinta. Da yamma sai ta fara ƙara kamar ana dukan ƙarfe, ta hura zafi har mutum ya buɗe taga ana tsakiyar hunturu, can kuma ta ɗauke ba sallama, ta bar ka da sanyin da ke shiga ƙashi. Inna in ta shiga ƙarƙashin damisarta sai gumi ya jiƙa ta, ta ture. Da ta ture sai sanyi ya kama jiƙaƙƙen jiki, ta jawo. Haka take kwana tana kokawa. Idanunta suka faɗa, ta fara tari, ta daina yi mini faɗa a kan gishirin miya, abin da ya fi komai tayar mini da hankali ke nan.

Wata safiya tana shan kunu ta ajiye ludayi ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Ke, ki gaya wa mai gidan nan ya canza mini biyen jirgi, in koma gida. Garin nan bai karɓe ni ba.”

“Inna, haihuwar fa ta kusa.”

“Matan garin nan ba sa haihuwa ne? Akwai likita. Ni in na mutu a nan wa zai kai ni gida?”

Na ture kwanon kununa gefe. Ni ba likita nake nema ba, likita ina da ita. Uwata nake so a kusa da ni ranar.

Na haura hawa na biyar wajen maƙwabciyata Rafia, 'yar zangon Kumasi, wadda ke aikin gyaran ɗakuna a wani otal a Manhattan. Rafia ba ta iya jin matsala ta bar ta ta kwana ba. Ta sauko da silifas, ta gaida Inna, ta sa aka fito mata da bargon, ta ɗaga gefe ɗaya ta sake shi ya faɗi tim.

“Ei, Mma! Wannan ai ba blanket ba ne, carpet ne. Sister Zaituna, kwamfota za ku saya. Na gashin agwagwa. A otal ɗinmu shi ne winter, shi ne summer, ba mai complain.”

Inna ta ce ita gashin agwagwa a bola ta san shi. Amma Rafia ta iya lallashi, kuma Inna na son ta don tana durƙusawa har ƙasa in za ta gaishe ta. Ranar Asabar muka hau bas mu uku zuwa wani babban kanti a Fordham Road.

Ban san abin kwanciya na da dangi haka ba sai ranar. Layi guda ne tun daga nan har can, duk farare, duk a kumbure. Rafia ta shiga gaba tana bayani kamar ita ta ɗinka su. Akwai mai kauri na tsananin sanyi, ta ce wannan da hitarmu zai dafa mutum. Akwai siriri na bazara, wannan kuma in hita ta ɗauke ba zai tsinana komai ba. Na tsakiyar shi ne na duk shekara, ko lokacin zafi in an kunna esi mai sanyaya ɗaki. Ta nuna mana ɗinkin da aka yi gida-gida don kada gashin ya taru gefe ɗaya ya bar ƙafa a fili. Ta ce gashin ma iri biyu ne. Akwai lallausan na ƙirjin tsuntsu, wanda ba shi da ƙashi ba shi da nauyi, shi ke riƙe ɗumi. Akwai na fukafuki mai ɗan ƙashi, shi ke ba abin jiki. Wani zallan lallausan ne, wani an gauraya.

Inna ba ta saurari ko rabi ba. Ita ma'auninta ɗaya ne tun tana budurwa, abin kirki nauyi gare shi. Kwano, zane, ɗan kunne, har miji. Sai ta bi layin tana ɗaga kowanne da hannu ɗaya. Ta ɗaga wanda Rafia ta fi yabo, zallan lallausan, hannunta ya tashi sama fiye da yadda ta yi niyya.

“Wannan iska suka ɗinke a zane suke sayar wa mutane.”

Ta wuce. Ta ɗaga, ta ajiye, ta shinshina wani ta ce yana ƙarnin kaji, ƙarya ne ba ya ƙarnin komai. Wata Baturiya mai sayayya ta tsaya tana kallonmu, Inna ta kalle ta har ta kama gabanta. Daga ƙarshe ta zo kan wani na tsakiya, gauraye, gashin fukafuki da lallausan. Ta ɗaga, ta ɗan jinjina shi. Ta shimfiɗa shi a kan gadon da suka ajiye don nuni, ta danna da tafin hannu, ta sake dannawa.

“To. Nan dai an sa wani abu.”

Rafia ta ƙyafta mini ido, ta ce shi ma mai kyau ne, mu ɗauka kafin ta canza ra'ayi. Muka haɗa da rigarsa mai maɓalli, wadda ake cirewa a wanke. A bas Rafia ta yi ta nanata wa Inna cewa ta ajiye damisa, wannan kaɗai za ta lulluɓa da shi. Inna ta ce ta ji. Na dawo gida ina jin kamar an sauke mini kaya.

Washegari na tambaye ta yaya barci. Ta ce da godiya. Bayan kwana biyu na sake tambaya, ta ce bayanta dai ya ji daɗi, amma gumi da sanyi suna nan inda suke. Tarin ma bai tafi ba. Rafia ta rantse ba a taɓa yin haka ba, ta ce ko dai jikin Mma ne daban. Souley ya ce mini a hankali, a kicin, cewa ba zai riƙe tsohuwa tana wahala ba, haƙƙi ne. Ya ce ranar Alhamis in ya dawo daga aiki zai kira kamfanin jirgi. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa sosai.

Ranar Alhamis ɗin bayan azahar Inna na kicin tana tsince wake. Bayana na ciwo, raina a ɓace. Na wuce ta ƙofar ɗakinta na ga akwatinta a buɗe, ta fara jera kaya. Ban san lokacin da na shiga ba. Na zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba, sai na ji na nutse. Gadon nan ni na saye shi, na san taurinsa. Na ɗaga zanen gado.

Ga kwamfota nan a ƙasa, an shimfiɗe shi a kan katifa, an cusa gefunansa ta ko'ina, ya kwanta lif kamar waina. Damisa kuma na naɗe a gefen filo tana jiran dare.

“Inna!”

Ta zo da tiren wake a hannu.

“Inna, a kansa kike kwana?”

“A ƙarƙashinsa zan kwana?”

“Ai na lulluɓa ne! Rafia ta gaya miki, ni ma na gaya miki.”

“Na ji ku. Na ce yara ne, ba su sani ba.” Ta ajiye tiren a kan akwati. “Ke, abin da aka saƙa shi ake lulluɓa da shi. Abin da aka cusa wa ciki kuwa, ko audugar rimi ce ko tsumma ko gashi, kwanciya ake a kai. Tun da nake ban taɓa ganin mai hankali ya ɗora katifa a kansa ba.”

Dariya ta zo mini, kuka ya biyo ta. Na buɗe baki zan yi bayanin yadda gashin ke buƙatar ya kumbura kafin ya riƙe ɗumi, sai na ga yadda ta ɗaure fuska. Inna ba a koya mata abu, balle 'yar da ta haifa. Ko da hujja ta kai buhu, in ta fito daga bakina ta zama rashin kunya.

Sai na bar bayanin. Na zare kwamfotan daga ƙarƙashin zanen, na kama kusurwa biyu na kakkaɓe shi har ya sha iska ya tashi. Na ce bayana ke ciwo, bari in ɗan miƙe a nan. Na kwanta a gadonta, na ja shi har wuya, na juya fuskata bango don kada ta ga hawaye. Hita ta ɗauke tun hantsi, ɗakin ya yi sanyi ƙarara. Ina jin ta tana cewa in tashi, zan shaƙe mata jika da katifa. Ban tashi ba. Ɗumi ya fara taruwa a hankali, ba nauyi ba gumi, ban san inda maganarta ta ƙare ba.

Ƙwanƙwasa ƙofa ce ta tashe ni. Hasken taga ya yi ja. Na ji abu mai ɗumi a jikin bayana, da wani sauti da na rabu da ji tun ina yarinya. Na waiwaya a hankali. Inna ce, ɗankwalinta ya zame, bakinta a ɗan buɗe, ta ja fiye da rabin kwamfotan ta naɗe ƙafafunta a ciki, tana minshari hankali kwance. Tiren wake na nan a kan akwati.

“Salamu alaikum,” in ji Souley daga bayan ƙofa. “Lafiya kuwa? Na ga gidan shiru.”

Inna ta farka firgigit. Ta dubi taga, ta dube ni, ta dubi abin da ke jikinta.

“La'asar ta wuce?”

“Ta kusa wucewa, Inna.”

“Innalillahi. Ke kika ja.” Ta gyara ɗankwali da sauri. “Hannu kawai na sa in ji ko kina numfashi.”

Ban ce mata hannu ba ya minshari ba. Ta sauko da ƙafa ɗaya, sanyin ƙasa ya taɓa ta, ta mayar da ita ciki.

Souley ya yi gyaran murya. Ya ce yana gaida Inna, kuma ga waya a hannunsa, in ta ba da izini yanzu zai kira a canza biyen, akwai jirgi ranar Lahadi.

Inna ta daɗe tana shafa gefen kwamfotan da yatsa, tana bin ɗinkin gida-gidan nan. Sannan ta ɗaga murya, ta yi magana da ƙofa, tunda ba ta magana da suruki kai tsaye.

“A gaya wa mai gidan nan ya bar wayar nan ya huta. In yana neman aiki, ya fara neman inda ake sayar da ƙaurin sa tun yanzu, na farfesun mai jego. Kuma kada ya saya sai ya kai ni na gani da idona, ban yarda da naman garin nan ba.”

Na ji Souley yana dariya ƙasa-ƙasa yana cewa to Inna, an gama. Ni kuwa na cusa fuskata cikin kwamfotan na yi kukana mai daɗi, kunya ko oho. Inna ta bar ni na ɗan yi, sannan ta zungure ni da gwiwar hannu.

“Tashi ki ba ni wuri in yi alwala. Kuma ki gaya masa ya sayo miki naki, wannan ya yi mana kaɗan.”