Wayar Kicin

Ranar Asabar Zainulabideen ya dawo daga kasuwar Terminus da ƙwan lantarki da sabuwar holda, wato mariƙin ƙwan, a leda. Tsohuwar holdar da ke silin ɗin kicin ta narke tun bara, matarsa Ummusalma tana girkin magariba da tocila a hammata. Gobe kuwa surukarsa, Inna Tabawa, za ta zo daga Bukuru, kuma a zuwanta na baya sai da ta tambaya ko ɗiyarta jemage ce.

Mai shago ya so ya sayar masa da doguwar fitila, ya ƙi. Wutar unguwarsu Nasarawa Gwom ba kullum take da ƙarfi ba, doguwar kuwa in wuta ta yi rauni sai ta yi ta ƙifta ido ba ta kama ba.

Ko da yake diflomarsa ta safiyo ce, ya san ka'idar aikin. Ya gwada testa, abin gwajin wuta, a soket ɗin falo, ta haska. Ya kashe babban makunni, ya cire fis ya sa a aljihu, rediyo ya yi shiru. Ya sa silifan roba, ya goge kujerar katako ya hau.

"Malam, gidan nan ko sauro ba zai samu wuta ba," in ji Ummusalma. "Me kake jira?"

"Ka'ida ce, a gwada kafin a taɓa."

Ya ɗora testa kan jar waya. Ta haska.

Ya sauko. Ya bi wayar da ido, sai ya ga ba ta nufi mitarsu ba sam. Ta ratsa bango zuwa sashen maƙwabciyarsu Obiageli, mai sayar da ƙanƙara, wadda kowa ke kira Mama Uju. Ashe da aka raba gidan biyu, kicin ya faɗo ɓangarensu, waya ta zauna inda take.

Ya yi sallama a ƙofarta, ya yi bayani dalla-dalla.

"Oga Diflom!" Ta tafa hannu. "Kana ce ni ne yana ba ku haske tun da?"

"Haka bincike ya nuna, Mama Uju. Ki taimaka ki cire fis ɗinki na ɗan lokaci."

"Yanzu fa aka kawo wuta! Firiza na bai kama ba. Ƙanƙara ya narke, ni da kai ne."

Ta dai cire, ta biyo shi riƙe da fis ɗin kamar mai riƙe da ƙwai. Ya sake gwadawa, testa ba ta haska ba. Ya kwance tsohuwar holda, ya ɗauko sabuwar, ya sa jar waya a gurbinta, baƙa a gurbinta, ya ɗaure sukurori har babu tagullar da ke leƙe, sannan ya sa ƙwan. Ya kuma yi alkawarin kiran mai gyaran wuta ranar Litinin ya mayar da wayar kan mitarsu.

"Kafin nan, tuwon gobe da rabona," in ji Mama Uju, ta koma ta mayar da fis.

Kicin ya cika da haske, har tsagar bangon da Ummusalma ba ta taɓa gani ba ta bayyana. Ta yi guɗa.

"Inna ta zo ta gani! Amma Malam, me ya sa rediyo shiru har yanzu?"

Ya shafa aljihunsa. Fis ɗinsu yana nan.