Ta Ina Jif Za Ta Fita?

Ranar da tsohuwar jif ɗin marigayi Malam Ramalan ta tashi, sai da kajin gidan suka haye katanga. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Ɗansa Jabiru ya diro daga kujerar direba, hannu duk baƙin mai, baki har kunne.

Tun kafin rasuwar Malam motar take kafe a gindin darbejiya, tayoyi sun nutse, awaki sun mayar da ƙarƙashinta makwanci. Da ita ya yi ta jigilar manoma daga Rano zuwa Kibiya, har Kahu, hanyar da ƙananan motoci ke tsoro da damina. Jabiru ya ci alwashin sai ta sake taka hanyar nan. Ya sauke inji, ya yi ta zarya Kano neman kayan gyara, ya kankare tsatsa, ya fesa mata koren fenti. Kowa cewa yake wahalar banza.

To, ga shi ta tashi. Ta ina za ta fita?

Giɓin da Malam ya shigo da ita ta nan, shi da kansa ya toshe shi a shekararsa ta ƙarshe, ya gina wa matarsa Iya ɗaki a wurin. Zaure kuwa, ko amalanke da ƙyar. Jabiru ya san da haka sarai, kau da kai kawai yake yi, wai in ta tashi a san abin yi. Maganar Allah, shi ma bai zaci za ta tashi ba.

Daga nan zama ya gagare shi. Ya auna zaure da igiya, ya koma ya sake aunawa, sai ka ce zauren zai ji kunya ya buɗe. Ya roƙi maƙwabcin baya ya bari a fasa ta wajensa, mutumin ya ce a cire katangarsa daga zancen. Kullum da safe sai ya tayar da mota, ya matsa gaba har igiyar shanya, ya dawo baya har madafa. Tuwo ma a tsaye yake ci.

Yayansa Lukman ya samu abin tsokana. "Direba, akwai sauka a bakin murhu!"

"Yaya, don Allah rabu da ni."

"To ka fasa ɗakin mana, a yi mata na bulo. Ƙasa ce fa."

Ashe Iya na jin su. Washegari Jabiru ya tarar ta fito da kayanta kaf, tabarma, kwalla, akwatin ƙarfe, ta jibge a inuwa.

"Fasa," ta ce. "Na gaji da ganinka kana kewaya gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai."

"Iya, Baba ne fa ya gina."

"Ni za ka gaya wa? Ni na ɗebo masa ruwan kwaɓi."

Jabiru ya ɗauko diga ya tsaya gaban bangon. Yaɓen ya tsufa, amma sawun yatsun Malam na nan raɗau, inda ya shafe ƙasa da tafin hannu. Ya waiwaya. Iya ta juya masa baya da kwanon wake a cinya, wai tsinta take, alhali hannunta ko motsi ba ya yi. Tausayinta ya kama shi, kunyar kansa ta rufe shi.

Ya jingine digar, ya ɗauko sifana.

"Kai, me kuma?" in ji Lukman.

"Kwance ta zan yi. Inji daban, bodi gunduwa-gunduwa, a fitar ta zaure, in haɗa a waje."

"Duk wannan aikin? Lallai ka haukace!"

 Jabiru ya kafa sifana a notin ƙofar motar, ya murɗa. Sabon fentin ya ɓare, abin ya ci masa rai ba kaɗan ba, ya dai ci gaba da murɗawa.

"Iya, mayar da kayanki ciki. Ki ara mini kwano in zuba notuna."

Ta daɗe ba ta juyo ba. Can ta goge fuska da bakin mayafi, ta juye waken a faifai, ta miƙo masa kwanon.

"Saura ka dawo mini da shi da baƙin mai," ta ce.