Shafi na Tara

Saloma Mika ta baro jami'a a Zariya a shekarar 2004, saura kaɗan ta gama digirinta na uku a lissafi. Mahaifiyarta ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma babu mai jinya. Ta dawo gida Dabai, ta kama koyarwa a wata sakandare a Zuru.

Bincikenta tambaya ɗaya ce. A ce ga farantin ƙarfe da aka sanyaya gefensa, shi kuma yana ƙara haifar da zafi gwargwadon zafin da ya riga ya yi. Ko akwai yanayin da zafin zai daidaita ya tsaya? Ba a ce ta faɗi amsar ba, wato wane yanayi ne, ta dai kawo hujja cewa akwai shi. Tana yin aikin tsakanin tashi daga makaranta da ɗora tukunya. Malamin da ke duba mata ya rasu a shekarar farko. Malaman makarantarsu kuwa, idan ta fara zancen, sai su yi murmushi su koma hirar ƙwallo.

Da ta gama, ta kai wa Ifeoma, mai shagon buga takardu kusa da kasuwa.

"Malama, wannan Turanci ne ko zane?" in ji Ifeoma. "Mene ne amsar?"

"Ban sani ba. Na dai nuna akwai."

"Shekara biyu, ba amsa?" Ta yi dariya, amma ta buga shi tsaf, alama bayan alama.

Saloma na duba bugun a bencin shagon sai ta tsaya a shafi na tara. Ta ɗauka cewa ƙididdigar da take bi mataki-mataki ba za ta wuce wata iyaka ba, alhali ba ta tabbatar ba. Kuskuren nata ne, ba na Ifeoma ba. Ba wanda za ta tambaya ko gyaruwa zai yi.

Wata bakwai gyaran ya ci kafin ta toshe giɓin. Ta tura wa wata mujallar lissafi ta intanet. Amsa ta zo da damina: hujjar ta tsaya, za su buga. A kwamfutar shagon ta karanta sau uku, ta ɗaga kai don ta gaya wa Ifeoma, sai ta ga wata baƙuwa a kujerar. Ifeoma ta koma garinsu tun watan jiya.

A gida ta tarar da mahaifiyarta a kan tabarma a inuwar mangwaro.

"Inna, aikin nan ya karɓu."

Tsohuwar ta dube ta. "To, za ki koma Zariya ke nan?"

"A'a, Inna. Ina nan."

Sai tsohuwar ta lumshe ido. Saloma ta gyara mata matashi, ta kwashe shanya don hadari ya taso, sannan ta jawo takardun jarrabawar 'yan aji biyu ta fara ba da maki.