Abin da Huseina Ta Gani a Wuyan Ashafa

Ranar da aka tarar da Ashafa yana barci da rana tsaka, da lomar tuwo a bakinsa, ranar aka fara cewa maƙwabciyarsa Kaka Fatsuma ce ta kama masa kurwa. Shaidar guda ce. Wai da ya dawo fataucin gishiri daga Awe ta leƙo ta katanga ta ce ya rame. Tun daga nan mata suka daina zuwa ɗibar wuta gidanta. Jikarta Huseina, 'yar shekara goma sha ɗaya, in ta je rijiya sai a janye guga.

'Yan'uwan Ashafa suka sa rana: in Juma'a ta zo bai tashi ba, za a tuɓe tsohuwar ta tsallake shi sau uku a gaban jama'a, ta bar unguwa.

Ran Laraba malaman asibiti masu duba ciwon barci suka sauka gindin tsamiya a bakin kasuwar Lafia, suna latsa wuyan mutane. Kaka ta yafa zane, ta shiga gidan da aka hana ta shiga, ta sami Mairo matar Ashafa.

"Kun ce na ci mijinki. To, a kai shi a duba ko za a ga gurbin haƙorina."

Mairo ta bari aka ɗora shi kan jakinsa.

Malam Sha'aibu, babban malaman, ya shafa bayan wuyan Ashafa, ya ji ƙululu kamar gyaɗa. Ya soka allura, ya ɗiga ruwan a kan ɗan gilashi, ya tura ƙarƙashin wani madubi mai ido ɗaya. Da ya ce a zo a gani, manya suka ja da baya, wai in an leƙa ido tsiyayewa yake. Idon Kaka ya yi yana, sai ta tura Huseina.

Da fari haske kawai ta gani. Can sai ga ƙwallaye, a tsakaninsu wani abu siriri kamar kifi marar ido yana murɗawa. Malam ya ce mata ƙwallayen na Ashafa ne, don jikin mutum gini ne, tubali kan tubali ba iyaka, kowanne da ransa. Wannan kuwa tubali ɗaya ne tak, amma shi kaɗai yake ci, yake iyo, in ya ƙoshi ya rabe biyu. Ƙudan tsando ke zuba shi cikin jini in ya ciji mutum a kurmin rafi.

"Guda nawa kika gani, yarinya?"

"Uku, Malam." Ta sake leƙawa. "Huɗu."

Ya yi wa Ashafa allura, amma ya gaya wa Mairo abin ya riga ya hau kai, da bara aka kawo shi da ya tashi.

Ashafa ya rasu ran Alhamis da la'asar, bai farka ba. Ba a tuɓe kowa ba, ba a kuma ba kowa haƙuri ba. Bayan sadakar uku, da hantsi, Mairo ta tsaya a ƙofar Kaka da kasko a hannu. Huseina ta zuba mata garwashi, ta ga Mairo ta kai ɗayan hannunta ƙeya, tana shafa bayan wuyanta.

Ciwon barci ne ya kashe Ashafa. A unguwar an sami mutum bakwai da irin ƙululunsa.