Gardamar da Sarkin Ruwa Ya Raba

Sufyanu ya gyara wa rikoda zama a kan kifaffen kwale-kwale, ya maimaita tambayarsa: tsakanin rediyo da saƙonnin waya, wanne masunta suka fi gaskatawa?

Kowa ya juya ya dubi Sarkin Ruwa Usman, wanda ke zaune kan buzu yana ɓare goro.

"Rediyo," in ji Sarkin Ruwa.

"Rediyo," in ji jama'a, har da waɗanda wayoyinsu ke kuka a aljihu.

Gumi ya karyo wa Sufyanu. Ƙaramin malami ne a sashen aikin jarida na wata jami'a, ɗaukar wucin gadi. Farfesansa ya gaya masa baro-baro cewa in bai fitar da maƙala kafin ƙarshen zango ba, ya nemi wata sana'ar. Maƙalar kuwa ba ta karɓuwa sai da ra'ayoyi mabambanta, an naɗe su da muryoyin masu su. Shi ya sa ya hawo mota zuwa Wara, garin mahaifiyarsa, yana zaton a nan abin zai zo da sauƙi. Ya sayi lemo, ya sa kwat cikin wannan zafi. Duk karatunsa bai tuna ba cewa a bakin ruwan nan, in babba ya yi magana, an gama.

Ya nuna wani matashi. "Auwalu, kai fa? Naka ra'ayin nake so."

"Haba Malam! Surukina ne fa. In musa mai gaban mutane, in koma gida in ce wa ɗiyarsa mi?"

"Emmanuel?"

"Ni da ke ɗaure jirgi a gaɓarsa? Rediyo, Malam. Rediyo ƙwarai."

Aka yi dariya. Sufyanu ya sassauta ɗamarar wuyansa ya fara bayani kan 'yancin faɗin albarkacin baki, rabi Hausa rabi Turanci. Mutane suka saurara cikin ladabi suna shan lemonsa.

Sarkin Ruwa ya tofar da tuƙar goro. "Kai ɗan Zulai'atu, bar wa'azin nan. Mi kake so?"

"Baba, so nake su saɓa. In kowa ya faɗi abu ɗaya, aikina ya tafi."

"Korarka za a yi don mun zauna lafiya?"

"Kusan haka ne, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da ake yi wa mai ciwon da ba a san maganinsa ba. Sannan ya ɗaga sandarsa.

"To, ba a kori jininmu ina raye ba. Emmanuel, kai ka ce rediyo maƙaryaciya ce. Auwalu, kai ka tsaya mata. Ku na can gefen komar kamun kifi, waya kuke so. Sauranku kuma ba ku yarda da kowa ba. Wanda ya yi sanyi, ni da shi."

Nan take wuri ya kaure. Emmanuel ya miƙe yana rantsuwa rediyo ta taɓa cewa ba iska, aka wayi gari rufin coci a gona. Auwalu ya ce wanda ya yarda da waya zai yarda in an ce masa kada na cikin ruwa ya tuba. Wani ya buga tafi, wani ya cire hula ya yi jifa da ita. Sarkin Ruwa yana gyaɗa kai, wanda ya lafa ya zungure shi da sanda.

Sufyanu ya tsaya yana ji. Makon jiya ya koyar da ɗalibansa sunan irin wannan abu, wato ƙagen bayanai, da hukuncin wanda aka kama da shi. Amma bai taɓa jin gardama mai daɗin rubutawa kamar wannan ba, Farfesa kuma bai san hanyar Wara ba.

Ya kai yatsa kan maɓallin kashewa. Iska ta taso daga tafki tana kwashe muryoyi. Ya ɗauki rikodar, ya matsa da ita kusa da bakin Emmanuel.

"Ɗan maimaita zancen rufin nan," ya ce. "Bai fita da kyau ba."