Silikin Tafiyar Semisi ta Ƙarshe

Ranar Lahadi Lesieli za ta fita daga takaba, ta ajiye baƙaƙen kaya da tabarmar da ke ɗaure a kugunta. Amma 'yan tsibirin Tonga mazauna birnin Hobart ba sa sauke makoki baki a rufe. Sai matar mamaci ta kawo waƙarta an rera a coci, ita kuwa ga Alhamis ta yi ba ta da ko baiti ɗaya.

Da ma mijinta Semisi ne mai waƙar gidan. Mutumin da ko wanke kwano yake sai ya yi wa kwanon kirari! Ita aikinta ƙirga: ta sunkuya kan madubin ƙara girma tana lissafa filankiton, ƙananan halittun nan da ke yawo a teku, waɗanda ido ba ya gani. Shi matuƙi ne a jirgin dakon kaya. In sun bar gaɓa, shi ke sakin wani ƙarfe mai siffar kifi a bayan jirgi, a cikinsa akwai naɗin siliki da ke juyawa a hankali yana tace ruwan duk inda suka bi. Silikin nan ake kawo wa su Lesieli su yayyanka, kowane yanki da yankin tekunsa.

A tafiyarsa ta ƙarshe zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar ruwa. Silikin tafiyar ya iso ɗakin bincike, Lesieli ta tura shi can ƙarshen kantar ajiya. Duk lokacin da layi ya zo kansa sai ta sake mai da shi baya. Tsoronsa take ji, ba wani abu ba.

Da azahar ƙofar ɗakin binciken ta buɗe ba sallama. Kalolaine ce, yayar Semisi, riƙe da kwanon gwaza da naman gwangwani. A danginsu kuwa in yayar miji ta yi magana an gama.

"Ina waƙata?"

"Yaya, wallahi na gwada. Da na rubuta sunansa sai hannuna ya mutu."

"Sunansa?" Kalolaine ta dire kwanon a kan tebur. "Ke dai boko ya cuce ki. Wa ya ce miki ana kiran sunan mamaci a waƙa? Wannan ai sanarwar rediyo ce. Wuraren da ya taka ake kira, da iskar da ta taɓa shi. Mai kunne ya gane."

"To ni ina na san inda ya taka? Rabin aurenmu yana kan ruwa. Ruwa kuwa duk ɗaya ne."

Da jin abin da ya fito daga bakinta sai kunya ta kama ta. Ita da ta sha yi wa ɗalibai faɗa kan wannan maganar! Ta miƙe ta jawo silikin daga ƙarshen kantar. Warin maganin da ake adana shi a ciki ya tashi, Kalolaine ta toshe hanci.

"Wannan ƙazantar fa?"

"Shi ya naɗa shi da hannunsa. Duk ruwan da ya bi a tafiyar nan yana ciki."

Kalolaine ta sauke hannunta daga hanci. Ta jawo kujera ta zauna, tabarmar makokin da ke kugunta tana ƙara.

Lesieli ta shimfiɗa silikin ta sa almakashi. Yanki na farko bakin gaɓa ne, kore shar.

"Nan suka fita daga kogi. Ruwan sanyi ne, cike da 'yan tsirrai masu ɓawo kamar gilashi."

"Ci gaba."

"Nan sun shiga mashigin teku, iskar yamma na dukansu. Ga 'ya'yan kaguwa, ba su ma yi ƙafafun kirki ba."

"Matsa in gani." Kalolaine ta kafa ido a madubin, ta yi baya da sauri. "Kai! Wannan mai idanun ai ɗan limaminmu ne sak."

Dariya ta kuɓuce wa Lesieli, irin wadda ta manta tana da ita.

Haka suka yi ta bin sa arewa, yanki bayan yanki, ruwa na ƙara ɗumi, halittu na sauya kama. Har suka zo inda Lesieli ta ajiye almakashi. Ta san wurin. Nan ne jirgi ya rage gudu, nan aka janye ƙarfen, daga nan silikin fari ne fat.

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Za ki iya. Ni na goya shi, ke kika aure shi. Tare za mu duba."

A ranta ta daɗe da yanke cewa wurin nan kufai ne, ruwa mara komai. Ta ɗora yankin, ta gyara madubin. Sai ga ƙwayayen kifi, dunƙul-dunƙul, sun cika silikin har suna hawa kan juna, wasu da 'yan idanu biyu baƙaƙe a ciki. Ashe cikin ruwan haihuwa Semisi ya faɗi.

Ta yi kuka sosai, Kalolaine na shafa bayanta ba ta ce mata ta yi shiru ba. Da kukan ya lafa, ba ta ɗago daga madubin ba, sai ta fara rerawa:

"Ruwan sanyi na bakin kogi, kai ka sallame shi,
iskar yamma, ke kika tura shi gaba.
Ruwan ɗumi mai ciki, ke kika karɓe shi,
ki haihu lafiya, ban riƙe ki ba."

Kalolaine ta share ido da bayan hannu, ta ja hanci.

"Muryar nan taki dai sai addu'a," ta ce. "Sake yi daga farko, in kama amshin."